Kuɗin Ƙaramar Hukuma: Wa Ake Gaya Wa Kafin a Yanke Shawara?

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36, inda ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi ko kwamitocin riƙo a madadinsu. Jama'a sun yi murna, kuma murnar tana da dalili, domin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, ya daɗe da zama hanyar da gwamnoni ke riƙe kuɗin ƙananan hukumomi su saki abin da suka ga dama. Tun daga ranar kusan duk muhawarar ta tsaya ne a kan hanyar da kuɗin za su bi: a wane banki za a buɗe asusu, wa zai sa hannu, kuma me ya sa ake ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin. Abin da ya fi damuna bai shiga wannan muhawarar ba. Ko da an wayi gari kowane kwabo ya sauka a asusun ƙaramar hukuma ba tare da ya biya ta hannun gwamna ba, manomin da ke ƙauye ba zai ga canji ba matuƙar bai san nawa aka kawo ba, bai ji abin da ake shirin yi da su ba, kuma ba a nemi bakinsa ba kafin a gama shawara. Abin da zai faru kawai shi ne a ɗauke sirrin daga gidan gwamnati a kai shi falon ciyaman.

Kuɗin da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, da kashi 35 cikin ɗari na harajin kayayyaki da ake kira VAT. Ayyukan da tsarin mulki ya ɗora musu kuwa su ne waɗanda talaka ke karo da su kullum: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, da kuma sa hannu a harkar makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. Wanda za a ba rumfa a sabuwar kasuwa, da inda za a mayar da tasha, da ƙauyen da za a fara haƙa wa burtsatse, duk a sakatariyar ƙaramar hukuma ake yanke su, kuma kowanne daga cikinsu yana iya tayar da wani gida ko ya kwantar da shi.

Wani zai ce ai alƙaluman ba a ɓoye suke ba, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a jaridu wata-wata, kuma har yanzu Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana sa rahoton rabon a intanet. Sai dai wannan adadin shi ne abin da ya baro Abuja. Abin da ya rage bayan an cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, shi ne ainihin kuɗin da ake yanke shawara a kansu, kuma shi ne ba a faɗa. Ga shi kuma rahoton da Turanci yake, cikin jadawali mai ɗaruruwan layuka da ko ɗan boko sai ya natsu kafin ya gano sunan ƙaramar hukumarsa. Bayanin da aka ajiye a inda mai buƙatarsa ba ya zuwa, cikin harshen da ba ya ji, ya sauke nauyi ne a kan takarda kawai.

Ba na raina buga alƙaluma, domin an ga amfaninsa a Yuganda. Wani bincike da aka yi a can ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kawai na tallafin da gwamnati ke ware wa makarantun firamare bisa yawan ɗalibai yake isa makarantun, sauran yana salwanta a ofisoshin gundumomi. Gwamnati ta fara buga abin da take turawa kowane wata a jaridu, ta kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa inda iyaye za su gani. Zuwa 2001 abin da ke isa makarantu ya kai wajen kashi 80 cikin ɗari. Masana sun yi saɓani a kan ko jaridun kaɗai suka kawo wannan canjin, tunda an yi wasu gyare-gyare a harkar ilimi a daidai lokacin, amma abin lura shi ne ba a tsaya a jaridar babban birni ba. An kai adadin jikin bangon makaranta, inda shugaban makaranta da iyaye za su iya kwatanta abin da aka ce an turo da abin da ya shigo hannu.

Misalin da ya fi dacewa da halin da muke ciki ya fito ne daga jihar Rajasthan ta Indiya, inda akasarin mutanen karkara a wancan lokacin ba su iya karatu ba. Wata ƙungiyar ma'aikata da manoma da ake kira MKSS, wadda aka kafa a 1990, ta fara shirya tarukan sauraron jama'a a ƙarshen 1994. Sukan samo takardun ayyukan da hukumar ƙauye ta ce ta yi, su tara mutane a fili, mutum guda ya tashi ya karanta da ƙarfi: wane ya yi aikin kwana kaza an biya shi kaza, an sayi buhun siminti kaza, an gina kaza a wuri kaza. A nan ne mutane suka riƙa jin sunayen mamata a cikin jerin waɗanda aka biya kuɗin leburanci, da gine-ginen da aka ce an kammala alhali kowa ya san babu su. Ba odita aka ɗauko daga birni ba. Mutanen ƙauyen sun riga sun san gaskiyar abin da ke ƙasa, jami'ai kuma suna riƙe da abin da ke takarda, kuma ɓarnar tana rayuwa ne muddin ba a haɗa biyun a wuri ɗaya ba. Wannan gwagwarmayar tana cikin abubuwan da suka kai Indiya ga kafa dokar 'yancin samun bayanai a 2005.

Mu a ƙasar Hausa ba hanyar isar da saƙo muka rasa ba. Idan hakimi yana so a ji magana, yakan gaya wa dagatai, su gaya wa masu unguwanni, mai shela ya zaga da yamma, liman ya maimaita bayan sallar Juma'a, kafin kwana biyu babu gidan da labari bai shiga ba. Ta haka ake sanar da zuwan masu allurar rigakafi, da ranar tsaftar muhalli, da umarnin kowa ya ɗaure dabbarsa idan damina ta faɗi. Ga kuma rediyo, wanda har yau babu abin da ya kai shi shiga lungu da saƙo a Arewa. Amma a duba irin saƙon da ke bin wannan hanyar: kusan kullum umarni ne daga sama zuwa ƙasa. Ban taɓa jin mai shela yana cewa an kawo wa ƙaramar hukuma kuɗi kaza a watan nan, ana shawarar a gyara kwalbatin hanyar kasuwa ko a yi wa makaranta rufi, duk mai magana ya zo ƙofar dagaci ranar Asabar ba. Hanyar da ke iya kai umarni kowane gida tana iya kai lissafi, ba a dai so ta kai ne.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar, wato lokacin da ake yin bayani. Akwai bambanci mai girma tsakanin a gaya wa mutane abin da aka yanke da a gaya musu abin da ake shirin yankewa, kuma yawancin abin da hukumominmu ke kira tuntuɓar jama'a na farkon ne aka sa masa rigar na biyun. Duk wanda ya taɓa halartar taron masu ruwa da tsaki a harabar wata sakatariya ya san tsarinsa. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, manyan baƙi suna kan kujerun kushin a gaba. An ce ƙarfe goma, ba a fara ba sai sha biyu saura. Bayan addu'a sai gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da kirarin kowanne, sai jawabin maraba, sai jawabin ciyaman da wani ya rubuta masa, inda a shafi na uku ake jin cewa za a gina sababbin rumfunan kasuwa a filin da ke bayan tasha. Da aka zo lokacin tambayoyi, mai gabatarwa ya duba agogo ya ce mutum uku kawai za a ɗauka saboda azahar ta gabato. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya miƙe ya ce filin nan duk watan Agusta ruwa yake kwanciya a cikinsa har gwiwa, aka ce masa an ji, za a duba. Abin da bai sani ba shi ne an riga an ba ɗan kwangila kuɗin somin aiki, har ya sauke yashi. Dattijon ya kawo bayanin da ya fi duk jawaban ranar daraja, ya kuma kawo shi kyauta, amma an nemi jinsa ne bayan lokacin da zai yi amfani ya wuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dalilin kawo mulki kusa da jama'a ke nan tun farko. Idan ba za a yi amfani da saninsu ba, babu abin da ƙaramar hukuma ta fi ma'aikatar da ke babban birnin jiha da shi.

Bayan lokaci sai dalili. Kuɗi ba za su taɓa isa a yi wa kowane ƙauye burtsatse a shekara guda ba, saboda haka dole wani ya samu wani ya jira. Mutane suna iya haƙuri da jira idan an ce musu an fara da ƙauye kaza ne saboda matansu sun fi kowa nisan tafiya ɗibar ruwa, ku kuma kuna cikin na baɗi. Abin da ba sa iya haƙuri da shi shi ne su wayi gari su ga injin haƙa ya wuce su ya tsaya a ƙofar gidan wani mai faɗa a ji, babu wanda ya ce musu uffan. Inda aka yi shiru a kan dalili, jita-jita ce ke cike gurbin, kuma sau da yawa jita-jitar ta fi gaskiyar muni. Shugaban da ya yi zaɓinsa da kyakkyawar niyya amma ya ƙi bayyana hujjarsa, shi ma ɓarawo za a kira shi a majalisar mai shayi, kuma shi ya jawo wa kansa.

Wannan matsalar ta girmi jamhuriyar da muke ciki. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Arewa yana neman a yi wa mulkin En'e, wato hukumomin gargajiya na sarakuna, garambawul, kuma cikin abin da ya koka da shi har da yadda ake tafiyar da al'amuran talakawa ba tare da an ji ta bakinsu ba. A shekarar ce kuma aka kafa jam'iyyar NEPU mai fafutukar 'yancin talakawa a Kano. Gyaran 1976 ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasar, da majalisu na zaɓaɓɓun kansiloli. Sai kuma a 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, matakin da ya sauke wa talaka wani nauyi da wulaƙanci da ya daɗe yana sha, kuma ba na cikin masu fatan a dawo da su. Amma akwai abin da ya biyo baya wanda ba a cika faɗa ba. Mutumin da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji ya san kuɗinsa ne ke baitulmali, ko da bai isa ya tambaya ba. Da kuɗin suka koma fitowa daga man fetur ta Abuja, sai suka zama "kuɗin gwamnati", wato na wanda Allah ya ba, har ya zamana idan ciyaman ya gyara rijiya ana zuwa yi masa godiya kamar daga aljihunsa ya fitar. Alhali kuwa duk wanda ya sayi katin waya ya biya haraji, ko ya sani ko bai sani ba.

Da zaɓe yana aikinsa, da an ce a bar mutane su hukunta wanda ya ɓoye musu lissafi ranar jefa ƙuri'a. Amma kowa ya ga zaɓukan da jihohi suka yi ta gaggautawa bayan hukuncin kotun. A watan Oktoban 2024 jam'iyyar APC ta lashe duka ƙananan hukumomi 23 na Kaduna, NNPP kuma ta lashe duka 44 na Kano, kowacce a jihar da take mulki a lokacin. Ciyaman da ya hau ta wannan hanyar ya san wanda yake bin sa bashi, kuma ba mai ƙuri'a ba ne. A irin wannan yanayin, bayyana lissafi da buɗe shawara su ne kusan abin da ya rage a hannun jama'a.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙungiyoyinmu na ci gaban gari da na unguwa, waɗanda babu gwamna ko ciyaman a cikinsu, suna fama da ciwon nan. Ana karɓar kuɗin gyaran taransifoma gida-gida babu rasit, a gyara, a yi shiru a kan abin da ya saura. Kwamitin masallaci yana shekara goma bai karanta wa jama'a abin da ya shiga asusu da abin da ya fita ba, kuma duk wanda ya tambaya sai a ce yana zargin dattawa. Sabon salon kuma shi ne na WhatsApp: 'yan asalin gari da ke aiki a Abuja da Legas da Kaduna su tattauna cikin dare, rabi da Turanci, su yanke cewa abin da garinsu ke buƙata shi ne ɗakin taro, su tara kuɗi da zuciya ɗaya, alhali waɗanda ke kwana a garin, da an tambaye su, da gyaran hanyar da ke yankewa da damina za su ce. Muna jin daɗin riwayar da malamai ke kawowa ta mutumin da ya tsayar da Sayyidina Umar yana kan mumbari ya tambaye shi inda ya samo yadin rigarsa, har sai da aka yi masa bayani. Amma idan saurayi ya miƙe a taron unguwa ya nemi a karanta lissafi, sunansa mara kunya. Al'ummar da ba ta saba tambayar ma'ajin ƙungiyarta ba, da wuya ta iya tambayar ma'ajin ƙaramar hukuma.

Akwai hujjojin da ake kawowa a kan buɗe komai, kuma wasunsu suna da nauyi. A yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato inda 'yan bindiga ke da masu kai musu rahoto a cikin gari, ba hankali ba ne a yi shelar abin da aka tanada don tsaro, ko ranar da za a kawo kuɗi, ko sunan wanda ke riƙe da su. Haka kuma idan aka sanar da wurin da za a yi sabuwar kasuwa tun da wuri, masu kuɗi na iya riga kowa saye gonakin da ke kewaye. Na yarda da ta farkon, da sharaɗin a faɗi cewa an ware kaza don tsaro kuma ga mutanen da za su duba yadda aka kashe, domin kalmar tsaro ta daɗe tana zama bargon da ake rufe abin da ba tsaro ba. Ta biyun kuwa ba ta tsaya ba, saboda a halin da ake ciki ma ana sayen gonakin, sai dai na kusa da ciyaman ne kaɗai suke jin labarin. Idan kowa ya ji a rana ɗaya, aƙalla mai gonar zai san darajar abin da yake sayarwa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce taron jama'a ba jama'a duka yake tarawa ba. Masu baki da masu hali su ne ke mamaye shi, mata kuwa, waɗanda su da 'ya'yansu suka fi kowa zuwa asibiti da bakin rijiya, galibi ba sa zuwa, idan sun zo ma ba sa magana a gaban maza. Haka Fulanin da ke ruga, da baƙin da suka zauna a gari. Wannan gaskiya ce, amma abin da take nunawa shi ne a bi mutane inda suke: makarantun Islamiyya na matan aure, ranar awo a asibiti, ranar kasuwa, wurin arɗo. Ma'aikatan rigakafi sun daɗe da sanin waɗannan hanyoyin, kuma da yawansu ma'aikatan ƙaramar hukumar ne.

Ta fuskar doka ba a bar mu hannu rabbana ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, ta ba hukumar kwana 7 ta amsa, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi, bayan shekarun da wasu gwamnatocin suka yi suna cewa ta tarayya ce kawai. Amma dokar da sai an rubuta wasiƙa, an bi sawu, wataƙila an ɗauki lauya, makami ne na 'yan jarida da ƙungiyoyi, ba na mai sayar da hatsi ba. Abin da zai amfane shi yana hannun kansiloli, domin majalisarsu tana da ikon yin dokokin cikin gida. Suna iya wajabta a liƙa abin da ya shigo da abin da aka cire kowane wata, da Hausa cikin boko da ajami, a sakatariya da ƙofar kowane dagaci, a kuma karanta shi a rediyo. Suna iya wajabta kowane allon aiki ya ɗauki kuɗin kwangilar da ranar gamawa, ba sunan ciyaman da hotonsa kawai ba. Mafi muhimmanci, suna iya hana a kawo musu kasafin kuɗi sai an zauna da mutanen kowace mazaɓa an karanta musu daftarinsa, an rubuta abin da suka ce, an kuma dawo an gaya musu abin da aka ɗauka da abin da aka bari da dalilin barinsa. Ana shirya kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, wanda ya yi daidai da kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo gida kuma matasa ba su riga sun tafi cin rani ba. Idan aka bari sai Janairu, rabin waɗanda ya kamata a ji ta bakinsu suna Legas ko Fatakwal.